Langa ta Biyu

A unguwarmu yanzu, idan aka sallame sallar magariba, abin da kunne ke ji shi ne ƙarar babura da kukan janareta. Kowa ya fito daga masallaci sai ya laluba aljihu ya ciro waya, fuskarsa ta yi haske, ya nufi gida shi kaɗai. Da ba haka ba ne. Da, abin da ke biyo bayan sallama shi ne ƙarar murfin langa. Daga wannan zaure ka ji ƙwal, daga wancan ka ji ƙwal, magidanta na fitowa kowa riƙe da tuwon gidansa, ana nufar tabarmar da aka shimfiɗa a gindin dogon yaro. Ciyayya ke nan, kowa ya kawo nasa a haɗu a ci. A makon jiya aka sare dogon yaron nan domin magadan gidan da ke wurin za su gina shaguna. Ban ga laifinsu ba, suna da iyali, kuma an daɗe ba a shimfiɗa tabarma a wurin ba. Amma da na ga kututturen sai na ji ina son in ajiye labarin wurin a takarda, tunda yanzu, bayan zuwa ajin manya da nake yi da yamma, hannuna ya fara yarda da alƙalami.

Ni ba haifaffen Illela ba ne. A birnin Sakkwato aka haife ni. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarami, mahaifina ya miƙa ni ga wani mai gyaran rediyo a bakin tsohuwar kasuwa, kuma a shagon nan na girma har gemu ya fito mini. A ciki muke kwana, mu huɗu, dukanmu babu mai mata. Warin dalma da ƙurar tsofaffin rediyo su ne warin ɗakinmu. Da safe koko da ƙosai, da rana shinkafa da wake, da yamma tuwo wurin wata mata a bakin kwana, duk saye. Ƙa'idar da na tashi da ita ɗaya ce: abin da za ka ci ka saya da guminka, ranar da babu ka sha ruwa ka yi shiru. Ba wanda zai tambaye ka ko ka ci, kai ma ba ka tambayar kowa. A lokacin ina ganin wannan shi ne mutunci. Kuma birni yana da daɗinsa ga saurayi. Akwai sinima, akwai filin dambe, akwai teburin mai shayi inda ake musun ƙwallo har murya ta dishe. Kana iya tafiya daga wannan unguwa zuwa waccan ba wanda ya san sunan ubanka.

Matsalar ita ce mun yi yawa. A layinmu kaɗai masu gyara sun fi rediyon da ke lalacewa. Idan mutum ya doso da rediyo a hammata, sai ka ga kowa ya miƙe yana kiransa Alhaji. Ina cikin wannan hali wani dattijo ya zo daga Illela, ɗan uwan mahaifiyata na nesa, wanda nake kira Kawu. Fataucin albasa da wake yake yi tsakanin Illela da Kwanni. Ya kawo rediyonsa da ta daina magana, ya zauna a kan benci yana kallona har na gama. Da ta yi magana sai ya ce, "Ɗana, mi kaka yi cikin wanga cunkoso? Can garinmu rediyo in ta mutu sai a rataye ta ga bango har a samu mai zuwa birni. Taho ka gani. Akwai ɗaki jikin zaurena."

Na yi makonni ina juya maganar. Abokan kwanana suka mayar da ita abin hira. Ɗaya ya ce Illela gari ne na kwana ɗaya, ran Lahadi, ranar kasuwa, ya farka, ran Litinin ya koma barci. Wani ya ce tuzuru a ƙaramin gari ba ya da sirri, ko tari ya yi sai an kai wa liman labari. Suka tambaye ni wa zan yi hira da shi, jakuna ko raƙuma. Ina dariya tare da su, amma idan na zauna shiru sai in ga shekaruna na tafiya, ga sana'a a hannu, ga ba abin da na kafa. A ɗaya gefen kuma ina tsoron in bar inda na saba in je in zama baƙon da kowa ke leƙe. Maigidana mutum ne mai ƙarancin magana. Da na kai masa shawara cewa ya yi, "Bar babban akwatinka nan. Ɗauki ƙarfen liƙi da sukudireba ka yi wata ɗaya. In garin ya karɓe ka, kai da kanka ka sani." Haka na yi. Na shiga mota ta bi da mu Kware da Gwadabawa, na sauka Illela da jaka ɗaya a kafaɗa.

Wajen aiki, Kawu bai faɗi ko rabi ba. Lahadin farko na kafa tebur a bakin hanyar kara, inda ake sayar da dabbobi, kuma kafin azahar rediyo sun taru a gabana kamar kaji. Fulani ne suka fi kawowa. Rediyon Bafillace ba kamar ta kowa ba ce, an ɗinka mata riga da zare mai launi, an sa mata tuntaye da madubi, yana riƙe da ita kamar jaririya. Mutanen Tozai da Lafani su zo a kan jakuna, na ƙetare su zo da sefa a ƙulle a bakin rawani. Wutar lantarki ba ta da tabbas, don haka a kan gawayi nake ɗora ƙarfen liƙi, ina fifita da maficin kaba. Ban iya karanta ko harafi ɗaya na jikin kayan ba, da launi nake gane su, da kunne kuma nake gane ciwon. Yau yaran da ke gyaran waya a wannan layin suna da na'urar da ke nuna musu komai a gilashi, kuma ina sha'awarsu. Ni kaina fitilun sola da fanka nake gyarawa yanzu, rediyo sai jefi-jefi, idan wani tsoho ya ƙi rabuwa da tasa.

Abokaina ma ba su yi ƙarya ba. Ran Litinin garin ya yi tsit, har kana jin kukan kurciya daga bayan gari da sautin taɓarya daga gida uku. Duk inda na bi sai a ce, ga baƙon Alhaji, wato Kawu. Tsohuwar da ban taɓa gani ba ta tsayar da ni ta tambayi yadda na kwana da zafi. Wani lokaci abin ya yi mini daɗi, wani lokaci in ji kamar an sa mini riga mai matse wuya. Kullum da rana, idan na kishingiɗa a ɗakin jikin zaure, sai in ɗora Sakkwato a hannu ɗaya, Illela a ɗaya, in kasa cewa ga wanda ya fi nauyi.

Abin da ya fi damuna shi ne tabarmar gindin dogon yaro. Tun ranar da na sauka Kawu ya ja hannuna ya zaunar da ni a kai. Magidantan sun kai bakwai, amma biyu ne suka fi zama mini a rai. Akwai wani mahauci mai ƙaton ciki da baki kamar reza, sai kuma Baffa Ja'e, Bafillacen da ya ajiye sanda ya zauna a gari, 'ya'yansa na kiwo a daji. Shi ƙwaryar fura da nono yake kawowa, ita ake rufewa da ita. Ba a buɗe kwanuka gaba ɗaya. Ɗaya ake ja tsakiya, a ci, a sa wa gidan albarka, sannan a ja na gaba. A nan ake sanin gidan da aka samu man shanu da gidan da miyar kuka ta tsinke, amma ba mai faɗa, wanda nasa ya gaza sai ya ƙoshi da na maƙwabcinsa, a tashi ba wanda ya san wa ya ciyar da wa. Kawu kuwa langa biyu yake fitowa da su, babba fara da wata 'yar ƙarama mai koren murfi, sabuwa fil. Na ɗauka don yana da hali ne.

Ni kaɗai ke zuwa hannu sake. Kowace loma na kai baki sai in ji kamar ana kallona. Mahauci kuma ba ya raga mini.

"Sarkin tuzurai," in ji shi, "yau mi uwargida ta dahwa muna?"

"Tana hanya," in ce.

"Tun daga Sakkwato take tahowa ƙasa? To Allah shi kawo ta kahin haƙoranmu su zube."

A yi dariya, ni ma in yi. Wasa ne, yanzu na sani, irin wanda ake yi wa wanda aka ɗauka na gida. Amma a lokacin a ƙirji yake tsaya mini. Mutumin da bai taɓa cin abin da bai saya ba, ga shi mako biyu yana cin tuwon mutane.

Ran wata Talata na yanke shawara. Bayan la'asar na tafi tasha wurin wata mai tuwo, na ce ta zuba mini tuwon shinkafa da miyar taushe, ta sa nama sosai, ta ara mini kwano. Tana zubawa tana kallona.

"Ba kai na baƙon Alhaji ba?"

"Ni na."

"Inna lahiya dai?" Inna ita ce matar Kawu.

"Lahiya lau," na ce, ina mamakin abin da ya kawo tambayar.

Da aka fito magariba na dire kwanona a tsakiyar tabarma, ƙirjina a buɗe. Na ce yau dai tuzuru ya kawo nasa. Ba wanda ya yi dariya. Mahauci, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya sunkuyar da kai yana gyara bakin tabarma. Kowa a wurin ya san kwanon, don duk wanda ya taɓa jiran mota a tasha ya ci a cikinsa. Kawu ya dube shi ya ce, "Madalla." Aka ci na kowa aka tsallake nawa. Daga ƙarshe Kawu da kansa ya buɗe, ya yi loma ɗaya don kada in ji kunya, ya rufe. 'Yar langa mai koren murfi kuwa ba a taɓa ta ba, haka ya mayar da ita cikin gida.

Washegari langa ɗaya ya fito da ita. Jibi ma haka. Gaisuwarsa ba ta canza ba, amma hirar tabarma ta yi sanyi, mahauci ya daina kirana sarkin tuzurai, ya koma ce mini Malam. Ni kuma na fassara abin yadda na iya. Na ce sun raina abincina ne don ni baƙo ne, na ce abokaina sun yi gaskiya, ƙaramin gari ba wurin tuzuru ba ne. Na rage cin abinci a tabarma, in yi loma biyu in janye hannu. Ran Juma'a na sami direban da ke zuwa Sakkwato na ce ya ajiye mini wuri ran Lahadi bayan an tashi kasuwa, ba dawowa.

Ran Asabar da hantsi Baffa Ja'e ya zo da rediyonsa, wai tana shaƙewa. Ya tsuguna a gefen gawayi yana kallon yadda nake kwance ta.

"Kaɗo, an ce gobe kaka tahiya."

"Wa ya ce, Baffa?"

"Direba ya gaya ma mahauci. Abin da mahauci ya ji kuwa, har shanuna sun ji." Ya ɗago ya dube ni. "Kai da kaka gane ciwon rediyo da kunne, ban san idonka bai gani ba. Mata nawa ga Alhaji?"

"Ɗaya."

"Langa nawa shika hitowa da su?"

"Biyu. Da can."

"Kahin ka zo, ɗaya ta. Ran da ka sauka tsohuwar nan ta hau kujera ta sauko da ƙaramar daga cikin jerenta, wadda tun aurenta ba a taɓa zuba ma miya ba. Taka ta. Kullum langarka na zuwa tabarma, muna ci muna sa maka albarka, kai kana zaune kana jin kunyar banza."

Ƙarfen liƙi na hannuna har ya huce ban sani ba. Ya ci gaba da faɗa mini a hankali, ba faɗa ba. Da na kawo tuwon tasha, abin da na faɗa a gaban unguwa shi ne ba a ƙoshi a gidan Kawu. Mai tuwo ta gaya wa mai ƙuli, mai ƙuli ta shiga gidan suna da labarin. Har wata maƙwabciya, da zuciya ɗaya ko da biyu, ta aika wa Inna gero a ƙwarya, wai ta ji hatsi ya yanke musu. Inna, wadda shekara da shekaru fatake ke sauka a zaurenta ba wanda ya taɓa kwana da yunwa.

Na ce bari in je in ba ta haƙuri yanzu.

"Haƙuri?" in ji Baffa Ja'e. "Ta ce maka ba komi, ta saki labule, shi ke nan kun rabu. Abinci ka raina, abinci za ka roƙa. Ka tsaya bakin ƙohwa ka ce yunwa kaka ji. Kuma da ƙarhi, na bayan katanga su ji, don su anka fara kai ma labari."

Na mayar da ƙarfen kan gawayi, na liƙe wayar da ta saki, na ɗaura rediyon, na mayar mata da rigarta. Duk wannan lokacin ina tunani. Ban taɓa buɗe baki na ce wa wani mahaluki yunwa nake ji ba, ko ina yaro, ko ranar da na kwana da ruwa. Shiga motar gobe ya fi mini sauƙi nesa ba kusa ba. A Sakkwato ba wanda zai san abin da ya faru, in koma bencina, in sayi tuwona, in ci ni kaɗai. Da na kai nan a tunani sai na ga hoton kaina ina cin tuwon a tsaye a bakin kwana, fuskata ga bango, kamar yadda na yi shekaru ina yi, kuma a karon farko abin bai yi mini kama da mutunci ba. Na miƙa wa Baffa Ja'e rediyonsa na rufe teburin da buhu.

Rana ta kusa tsakiya lokacin da na tsaya a ƙofar ciki ta zaure. Ana daka a gidan, ana daka a maƙwabta. Na yi sallama har sau uku kafin taɓaryar gidan ta tsaya.

"Wa ke nan?" Muryar Inna ce daga tsakar gida.

"Ni na, Inna. Baƙonku."

"Mu baƙonmu ya koma tasha."

Na ce, "Inna, yunwa nika ji." Ko ni da kyar na ji abin da na faɗa.

"Mi? Kunnena ya tsuhwa, ɗan birni."

Na sake faɗa, wannan karon har muryata ta fashe. Dakan maƙwabta ya tsaya cak. Wata ta yi dariya a bayan katanga, wata ta ce mata ta yi shiru.

"Mai tuwon tasha mutuwa ta yi?"

"Tana nan, Inna. Ni dai tun ran Talata ban ƙoshi ba."

Wannan kuwa gaskiya ce tsantsa. Na tsaya a nan, zufa na bin bayana, ban san ko in tafi ko in jira ba. Na jira. Can sai na ji ana karya kara, hayaƙi ya biyo ta saman katanga, sai ƙamshin miyar kuka da ta kwana. Ban san tsawon lokacin ba, amma inuwar ƙofar ta matsa daga ƙafata zuwa bango. Sannan labule ya ɗaga, ga Inna, 'yar tsohuwa gajera da zane a kafaɗa, riƙe da langa mai koren murfi. Ɗumamen tuwon gero ne, man shanu na kwance a kai har yana rawa. Ta dire a gabana ba ta dube ni ba, ta koma bayan labule, amma ina ganin ƙafafunta, ba ta tafi ba.

Na zauna a ƙasan zaure na ci. Na cinye tas, na suɗe gefen da yatsa, na rufe, na tura langar ƙarƙashin labule. Na ji ta buɗe murfin ta duba.

"Allah shi saka, Inna."

"Mutane na cewa gobe kaka tahiya."

"Akwatina zan ɗauko. Babban."

Murfin ya yi ƙwal.

"To ka shiga motar sahe, ba ta yamma ba. Ka ce ma direba shi maido ka kahin magariba. Ni ba ni aje tuwo shi huce don jiran tuzuru."